Warin Takalmin Mma Adiza

Ba zan faɗi sunana ba. Mutanen unguwarmu Aboabo sun san ni, waɗanda ba su san ni ba kuma ba abin da suka rasa. Kafin abin ya faru ni mai gyaran waya ne a Adum, can tsakiyar gari, tebur ɗaya da laima ɗaya a bakin titi. Ba na shaye-shaye, ba na caca, salla ba ta wuce ni sai dai ta asuba jefi-jefi. Da ka tambayi mutanen layinmu a lokacin, cewa za su yi yaron kirki ne. Ni ma haka na ɗauki kaina.

A bakin layinmu akwai wata tsohuwa mai koko da ƙosai, Mma Adiza. Tun ina ƙarami nake shan kokonta, kuma ba ta taɓa kirana da suna ba, sai dai "ɗana". Tana da ciwon suga. Wata rana ƙusa ta soke ta a ƙafar hagu, wasa-wasa ciwon ya ƙi warkewa, har ta daina fitowa. 'Yarta ɗaya ce, Fusena, mai sayar da tumatir, abin da take samu bai wuce na cefane ba.

Ni na ce zan taimaka, kuma Allah ya sani a ranar da gaske nake. Na ɗauki bidiyon Mma da ƙafar, na tura zauren da 'yan Zango mazauna ƙasashen waje ke hira ta waya. Na buɗe shafi a intanet inda mutum zai ɗauki nauyin jinyarta, yana turo abin da ya sawwaƙa duk wata. Mma ba ta karatu, wayar Fusena kuma ƙarama ce, sai aka sa asusun wayata, wanda muke kira momo. Watannin farko ko sisi ban taɓa ba.

Abu na farko da na taɓa, data ce. Na ce ai aikin Mma nake yi da ita. Sai kuɗin tasi, ai gidan Mma za ni. Sai sabuwar waya, don hoton Mma ya fita da kyau. Kowane ɗaya da hujjarsa, kuma kowace hujja da sunan Mma a cikinta. Ban san ranar da na daina neman hujjar ba. Na dai wayi gari ina cin abinci a inda da ko leƙawa ba na yi, abokaina na ce mini, "Cale," wato aboki, "ka samu hanya," ni kuwa ina dariya.

Sai likita a babban asibiti ya duba ƙafar. A gabana ya yi magana, ga Fusena a tsaye. Ya ce a kawo ta cikin mako biyu a yanke ruɓaɓɓen naman, in aka wuce haka ba ya ba da tabbacin ƙafar. Abin da ke cikin wayata a ranar ya isa aikin har da saura. Ina so ku riƙe wannan, domin duk sauran labarin a kansa yake.

Azumi saura mako uku. Na riga na gane yadda mutanenmu na waje suke: a azumi hannunsu ke buɗewa, balle goman ƙarshe. Na kuma gane cewa ƙafar da ta warke ba mai turo mata komai. Ban zauna na ce zan cuci tsohuwa ba. Cewa na yi likitoci sun cika tsoratarwa, mako bakwai da mako biyu duk ɗaya ne.

Fusena ta tare ni a ƙofar gida. "Yaya, har yanzu kuɗin ba su kai ba?"

Na ce, "Saura ƙiris. Bari azumi ya shiga."

Mma ta jiyo mu daga ɗaki. Ta ce, "Fusena, ƙyale shi. Ɗana ya san abin da yake yi."

Ranar wata Asabar da la'asar na je na ɗauki bidiyo da yawa a zama ɗaya, don kada in riƙa zarya. Bayan kowane ɗaya sai in sa ta canza gyale, ya zama kamar ranaku ne daban-daban. Ta tambaye ni dalili, na ce mutanen waje na son ganin tsafta. Ina karanto mata sunayen masu ɗaukar nauyi, tana ɗaga hannu tana sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya, da 'ya'yansu da iyayensu. A ƙarshe ta sa mini tawa ban roƙa ba. Ɗakin yana wari a lokacin, da baki nake numfashi. Na matsa da wayar kusa da ciwon don ya fito sosai.

Azumin ya kawo abin da na yi tsammani, har ya zarce. Bayan salla da kwana huɗu muka kai ta asibiti. Likitan ya buɗe ƙafar, ya dube ni. Washegari aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Ina zaune a benci a waje, Fusena na kuka a gefena. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Da na fito na tsaya na ci wake da shinkafa a bakin hanya, na hau mota na koma Adum.

Masu ɗaukar nauyi kuwa na rubuta musu cewa aiki ya yi kyau, Mma ta fara takawa, saura maganin shekara guda. Daga nan bidiyon daga ƙirji zuwa sama nake ɗauka.

A cikinsu akwai Hajiya Memuna, haihuwar unguwar Buokrom, tana aikin kula da tsofaffi a Jamus. Ita ta fi kowa bayarwa. Ta taɓa tambayata lambar takalmin Mma, na faɗi wadda ta zo bakina. Ana gobe jajiberin babbar salla aka kira ni a waya, wai in zo gidan Mma, an yi baƙuwa. Ashe Hajiya ce ta zo gida ba sanarwa.

Na same ta zaune a tabarma da kwali a cinya. Takalmi ne mai laushi irin na masu ciwon suga. An sa wa Mma na dama, kuma ya yi mata daidai. Na hagun yana cikin kwali.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kai ne mai shafin?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "Ina ƙafar?"

Hajiya ta buɗe wayarta ta nuna wa Fusena abin da ita kaɗai ta turo kafin azumi. Fusena ta duba, ta sake dubawa, ta zauna a ƙasa. Mma dai tana kallon takalmin da ke ƙafarta, ba ta dube ni ba.

Sauran ba shi da tsawo. 'Yan sanda suka karɓi wayata, komai na ciki. A kotu aka karanta takardar likita mai maganar mako biyu. Aka ba ni shekara uku. A kurkuku na tambayi wani malami da ke zuwa yi mana wa'azi ko tuba na goge irin wannan. Ya ce haƙƙin Allah yana da sauƙi, haƙƙin mutum kuwa sai mai shi ya yafe. Na ce to, in na fita zan je in durƙusa mata. A shekara ta biyu mahaifiyata ta zo ziyara ta ce Mma Adiza ta rasu. Na ce Allah ya jiƙanta, na koma ciki aka ƙirga mu.

Ranar da aka sake ni ban je gida ba, wajen Fusena na nufa. Na same ta tana tsince tumatir. Na durƙusa, na fara maganar da na shekara uku ina shiryawa. Ta miƙe ta shiga ɗaki tun ban kai rabi ba, ta fito da leda baƙa ta ajiye a gabana. Warin takalmin ne, na hagu, ko ƙura bai taɓa takawa ba.

"Mma ta ce in ka fito a ba ka."

"Me kuma ta ce?"

"Shi ke nan."

"Ta yafe mini?"

Fusena ta koma kan tumatirinta. Ta ce, "Ban tambaye ta ba."

Na tuba, ina kuma kan tuba, amma wadda zan roƙa ba ta nan. Ko a unguwa an ce tun bayan abina, in aka sa roƙon taimakon marar lafiya a zauren nan, shiru ake yi. Wannan ma yana wuyana.

Ku samari masu waya a hannu, ga abin da zan ce muku. In za ku tara wa wani taimako, kada ya shiga asusunku, kada kuma ya zama ku kaɗai ke ganinsa. Ku sa dattijo biyu a kai, ku kai kuɗin asibiti a ranar da suka cika. Ranar da kuka ji bakinku ya ce "ai aikinsa nake yi da shi", ku miƙa wa wani ragamar. Ni ma da data na fara.

Na koma Adum, tebur ɗaya, laima ɗaya. Takalmin yana gefen kayan aikina. Wani lokaci mai kawo gyara yakan ɗaga shi ya juya, ya ce takalmi mai kyau, ina ɗayan? Nakan ce mai shi ta sa ɗayan har ya tsufa. Wannan ne bai samu ƙafa ba.