Malam Yahuza Mai Rijistar Ɓatattu

Shekara ashirin Malam Yahuza ya yi yana aikin akawu a Ƙanƙara, bai taɓa yarda da abin da ba a rubuta ba. Da ɓarayin daji suka fara ɗibar mutane, wata ƙungiyar sa-kai ta ba shi tsohuwar kwamfuta ya riƙa shigar da sunaye. Kowane mutum layi ɗaya: suna, ƙauye, ranar da aka ɗauke shi, sai abin da aka ji daga baya. Ba ya goge komai, ƙari kawai yake yi.

Daga baya aka turo masa sunayen Faskari da na Sabuwa, har da bayanan shaidu, ya zuba su duka a fayil guda. Fayil ɗin ya kumbura har ya fi ƙarfin kwamfutar. In ya buɗe sai allo ya yi fari, fanka ta yi ta kuka, harafi ɗaya ya ɗauki minti biyu kafin ya fito. Wani mai gyara ya sa masa manhajar da ta yanka fayil ɗin gida arba'in, ya zauna ya lissafa a littafi wane yanki ne ke ɗauke da wane wata.

Ranar wata Talata wata mata mai suna Larai ta zo daga wani ƙauye bayan Pauwa. Wata bakwai ke nan da aka ɗauke ɗanta a gona, ta kuma ji an sako wasu ta wajen Sabuwa. So take ta san ko yana cikinsu.

Malam Yahuza ya tambayi sunan ɗan. Ta sunkuyar da kai ta ce yaron nan dai. Ɗan fari ne, bakinta bai taɓa furta sunansa ba, ba kuma yau za ta fara ba. Maƙwabcinsu Gide, wanda ya kai rahoton tun farko, ya yi ƙaura zuwa Funtuwa. Malam Yahuza bai matsa mata ba, don shi ma uwarsa har ta rasu ba ta kira shi Yahuza ba. Sai ya tambayi sunan ƙauyen da lokacin. Ta ce ana yankan gero.

Ya duba littafinsa, ya buɗe yanki na goma sha ɗaya, ya bi layi-layi da yatsa har bayan azahar. A layin ƙarshe ya gani: Kyauta Rabo, an ɗauke shi a gona, an gan shi. Nan rubutun ya tsaya.

Ya karanta sunan a fili. Larai ta gyara zama, idonta ya kawo ruwa. Har ya buɗe baki zai ce an gan shi, sai ya lura babu aya. Manhajar da girman fayil take yanka, ba ruwanta da inda layi ya ƙare. Ya ce ta ɗan jira.

Yanki na goma sha biyu ya daɗe bai buɗe ba. Da ya buɗe, sauran maganar na sama: cikin mutum shida da aka binne a bakin rafi, in ji waɗanda aka sako.

“Inna,” ya ce, “yaron nan ya riga mu. Sai haƙuri.”

Ta ce Allah ya ji ƙansa, ta nemi takalminta.

Kwana tara Malam Yahuza ya yi yana buɗe yankunan ɗaya bayan ɗaya yana haɗa layukan da aka raba. Ya sami layi talatin da ɗaya da aka raba haka.