Ɗigon da ya sauka a kan ra

Ustad Miraj Din mai fenti ne a garejin manyan motoci na Lahore. Ba ya zana ɗawisu, ba ya zana idon mace. Baitocin Farisanci na babban mawaƙin ƙasar kawai yake rubutawa, wanda sojoji ke gadin kabarinsa a bakin babban masallaci. Yana yaro, in ji shi, ubansa ya saɓa shi a wuya suka raka gawar, daga ranar bai ƙara ganin wata waƙa da gashi ba.

Tsufa ya zo, yanar ido ta fara rufe masa gani, yana ɓoyewa. Ya san ranar da direbobi suka gane, babu mai sake kawo masa mota.

Ni, Shaukat, direban Chaudhry Sikandar ne, mutumin da ba ya dariya ko ranar salla. Ya sayi sabuwar mota, ya sa Ustad ya rubuta baiti a bayanta, ya taho da liman a yi addu'a kafin in kama hanyar Peshawar.

A aji biyar na yi sallama da makaranta, amma ina bambanta harafin ra da zaira, ɗigo ɗaya ne tsakaninsu. Ina ɗaga kai na hango ɓarna. Fenti ya ɗiga a kan harafin farko na rahmat, ta koma zahmat. Baitin da ke maganar rahamar Allah ya koma maganar wahala. Ustad kuwa yana tsaye yana goge hannu, bai gani ba.

Na haye bayan motar na jingina da wurin.

“Sauko, Shaukat,” in ji Chaudhry.

“Chaudhry sahib, ina ɗumama mata baya ne, amarya ce.”

“Sauko, ko in sauke ka.”

Na matsa. Liman ya fara karantawa, ya tsaya a tsakiya. 

“Kashin tantabara ne,” na ce, ina kankarewa da farce. “Tantabarun Lahore duk malamai ne, ba su ganin harafi su bar shi ba ɗigo.”

Wani ya fara dariya. Saura kaɗan a wuce wurin. Sai Ustad ya lalubo wurin da yatsa, ya sansana.

“Fentina ne, ɗana,” ya ce. “Kada ka ɗora wa tsuntsu. In na ɓata wa mawaƙin wannan ban gani ba, na ɓata wasu, suna can kan hanya.”

Ya goge ɗigon da haɓar rawaninsa, ya wanke burushi, bai sake ɗauka ba.

Yanzu a wurin mai shayi yake wuni. Duk baitin da aka rubuta a garejin, sai an karanta masa kafin mota ta tashi. Yawanci ni ke karantawa. Ya ce Farisancina kamar ana jan akuya zuwa mahauta.