Goggo Mai Hanci da Mayafinta

Ina ƙarama na ji mahaifiyata tana cewa, "Ku ɓoye ƙonanniyar tukunyar nan, Mai Hanci na tafe." Na zaci zagi ne. Ashe ƙanwar babana ce, mai haɗa turare a wani ɗan shago cikin kasuwa. Tun daga bakin ƙofa takan gane sabulun da mutum ya yi wanka da shi.

A haihuwarta ta ƙarshe aiki aka yi mata, ta zubar da jini har aka fid da rai. Likita ya ce wani cikin na iya tafiya da ita. Da ta haura arba'in, al'adarta ta fara tsallake wata, sai ta ɗauka girma ne ya zo, ta ajiye maganin tazara.

Wata safiya ta buɗe kwalbar turaren da ta fi so, zuciyarta ta tashi. Kashegari ma haka. Ga kasala, ga yawan fitsari.

Tela, maƙwabciyar shagonta, ta leƙo tana dariya. "Tsohuwa, wannan aman fa? Ko maigida ya yi ajiya ne?"

"Rufa mini asiri, ni da nake goyon jika?"

Goggo ta yi dariya, amma maganar ta tsaya mata a rai. Ta sayi tsinken gwajin ciki a kemis, ta tsoma a fitsarin safe. Layi biyu suka fito, alamar ciki. Ta zauna daɓas a ƙofar banɗaki, hannunta a kan tabon ɗinkin.

Tela ta kawo mata wani haɗi a gora, wai yana wanke ciki salin-alin. Goggo ta kai hanci, ta kasa gane ko abu ɗaya da ke ciki. Ta tuttular da shi, ta gaya wa mijinta, suka nufi asibiti. Likita ya ce gara da suka zo da wuri, amma hatsarin na nan, ko awo ɗaya kada ta tsallake.

Allah ya raba su lafiya, 'yar har ta shiga makaranta. Amma ban manta safiyar da za a shiga da Goggo ɗakin aiki ba. Ta cire mayafinta da hannu mai sanyi, ta danƙa mini.

"'Yata, in ban fito ba, kada ku wanke shi. Ku lulluɓe abin da na haifa da shi, ya san ƙanshin uwarsa."