Hular da Na Samu Daga Bango

Lokacin korona ni kaɗai ne a ƙasan benen da nake gadi a West Bay, wata unguwa a ƙasar wajen da na je ci-rani. Ofisoshi a rufe, ba mai shiga. Daga ni sai kujera sai wani zane a bango.

Zanen ba mutum ba dabba. Ja mai kusurwa huɗu, shuɗi mai kusurwa uku, baƙaƙen layuka, sauran takardar fari fat. Da farko na ɗauka taswirar fita ce in gobara ta tashi. Daga baya na lura gefensa kaɗai nake shimfiɗa darduma hankalina kwance, tunda babu fuskar kowa a ciki. Muka saba. Ba ya magana, ni ma haka.

Wata Baturiya mai kula da hotunan ginin ta ce daga Amurka aka kawo shi, kuma da dutse aka buga shi. Ana zana dutsen da abu mai maiƙo, a jiƙa shi, tawada ta kama maiƙon ta bar ruwan, sai a danna takarda. Kowane launi da dutsensa. Na ce mu a garinmu gero dutse yake niƙawa. Ta yi dariya cikin takunkumi.

Gab da gasar kofin duniya da za a yi a ƙasar, Baturiyar ta gaya mini za a cire shi a sa hotunan 'yan ƙwallo. Abin ya tsaya mini a rai. Na ɗauki hotonsa a waya na tura wa matata a Zariya, ɗinkin hula take yi. Na ce ta mayar mini da shi hula, yadda yake.

Wani direba ɗan garinmu da ya dawo daga hutun gida ya kawo hular. Ja na nan, shuɗi na nan, amma matata ta cike farin tam da kore da ruwan ɗorawa. Na kira ta.

"Maigida, ai mutumin bai gama aikinsa ba," in ji ta. "Tawada ce ta ƙare masa, na ƙarasa masa. Wa zai sa hula rabinta tsirara?"

Ranar da aka sauke zanen na cire hular aiki na sa tawa. Baturiyar ta dubi kaina, ta dubi zanen, ta tambayi inda koren ya fito. Na gaya mata har da zancen darduma. Ta yi dariya har da hawaye.

Ta sa aka jingina zanen a ɗakin ajiya, ta ce mabuɗin ya zauna hannuna. Can na koma da dardumata. 'Yan ƙwallo suka ci bangon.