Kalangun Baba a Wasan Kirsimeti

Surukina makaɗi ne. Kafin ya zo Ingila, shi ake kira a zangon Kumasi in za a yi biki ko suna, kuma har yau in tsofaffin matan da suka san shi a can suka zo gaishe shi sai sun tuna masa yadda yake hana su zama. Ni ban ga wannan zamanin ba. Daga Kano na zo Manchester karatu, na auri ɗansa, na tarar da tsoho mai ciwon gwiwa wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen wanke motocin bas, da kalangunsa a naɗe cikin tsohon zane a saman wadirob.

Ba gajiya ce ta sa ya ajiye kiɗa ba. Gidajen unguwarmu ta Moss Side a manne suke da juna, in maƙwabci ya yi tari kana ji. Ya taɓa gwadawa da wata ƙaramar sallah, maƙwabciya ta kai ƙara council, wato ƙaramar hukuma, daga nan bai sake ba. Bukukuwan mutanenmu na nan kuwa DJ suke ɗauka, yaro ya zo da kwamfuta ya danna, a watse.

Abin da ke cin Baba a rai abu ɗaya ne. 'Yata, jikarsa ta fari, ta kai shekara bakwai ba ta taɓa jin kiɗansa ba. Amarya yake ce mata. Yakan ce da ni, "Bakanuwa, amaryar nan tawa za ta girma ta ɗauka mijinta bai iya komai ba sai gyangyaɗi a kujera." Da wasa yake faɗa, amma na san ba wasa ba ne.

Wata shekara da sanyi ya fara shigowa, ƙanwar maigidana da ke unguwar Handsworth a Birmingham ta bugo waya. Wai wani filin wasanni da ke kusa da Birmingham, irin mai manyan lilo da jiragen da ke juya mutane a sama, yana shirya wasan Kirsimeti, za a nuna bikin ƙasashe daban-daban, ana neman makaɗi ɗan Afirka. Baba bai bari ta gama ba ya ce a sa sunansa. Wasu dattawa a masallaci suka yi ta gunaguni, ina ruwan musulmi da bikin Kirsimeti. Ya ce musu shi kiɗa zai yi, ba ibada ba, kuma a zango ya yi wa Kirista kiɗan aure ba sau ɗaya ba. Ya sauko da kalangun, ya canza igiyoyin da suka mutu, ya riƙa jingina shi kusa da hitar ɗumama ɗaki don fatar ta ɗame. Rabon da in ga mutumin nan yana tafiya da sauri haka har na manta. Ya tattara kayansa ya koma Handsworth wajen 'yarsa don ya fi kusa da wurin.

Makon farko kullum sai ya kira ya ba jikarsa labarin dandamalin wasan da fitilunsa. Daga baya kiran ya ragu. In na tambaye shi yaya wasa, sai ya ce, "To, ana yi dai." Da muka ce za mu zo kallo sai ya hau kawo uzuri, wai sanyi ya yi yawa, hanya ba kyau, a bari sai wata shekara. Amma yarinya ta riga ta gaya wa duk 'yan ajinsu cewa kakanta yana cikin show, ba mai tsayar da ita. Ran wata Asabar muka ɗauki hanya, ni da ita da ubanta.

Ban taɓa ganin wurin da ake sayar da farin ciki da gajiya haka ba. Ana yayyafi mai ratsa ƙashi, rabin lilon a rufe, ga layin mutane har ya zagaye rumfar masu sayar da soyayyen dankali. A cikin wani ƙaton tanti ake wasan, kujeru na roba, ƙasa duk taɓo da jiƙaƙƙen gugguru. Da aka ɗaga labule, samari da 'yan mata suka fito cikin kayan aljanun Kirsimeti, suna murmushin da ko ido bai kai ba. Ka gan su ka san yau sun yi wannan rawar har ta fita musu a rai, kuma gobe ma haka. Wani mai kayan barewa zif ɗin bayansa ya ɓalle, ana ganin rigar ƙwallonsa. Mawaƙiyar da ke gaba ta rufe baki ta juya za ta koma, muryarta kuwa tana nan tana ci gaba a lasifika. Daga sama wani inji yana feso kumfa wai dusar ƙanƙara, tana faɗowa kan mutane tana warin sabulun wanke kwano. A jikin allon ƙofa an rubuta cewa wasan kai tsaye ne. Na duba ko'ina ban ga abin da ake yi kai tsaye ba sai tarin da 'yan kallo ke yi.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba wanda ya damu. Iyaye sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, yara suna ihu, da an tsaya a tafa. A garinmu ko wasan 'yan makarantar firamare aka yi haka sai wata uwa ta miƙe ta ce a sake. Na raɗa wa maigidana haka, ya ce, "Don Allah ki yi haƙuri, just enjoy it, saboda yarinya muka zo."

Aka nuna bikin ƙasar sanyi, aka yi na masu manyan huluna, sai fitilu suka koma ja, aka haska hoton raƙumin dawa a bango. Afirka ke nan. 'Yan rawa suka fito da zane mai zanen damisa a kan rigunan sanyi. A bayansu, can gefe, ga Baba. An ɗora masa jar hula mai farin tuntu a kan hularsa. 'Yata ta haye kujera tana ihu, "That's my grandad!"

Kiɗa ya cika tantin har kujera na rawa. Da farko na yi murna, na ce yau dai Allah ya cika wa tsohon nan burinsa. Amma na tashi ina jin kalangu a gidan biki, na san in makaɗi ya matse igiyoyi da hammata murya takan hau, in ya saki ta sauka. Ina kallon hannun Baba yana matsewa yana saki, abin da ke fita daga lasifika kuwa bai canza ba, dum-dum-dum iri ɗaya, wasu manyan ganguna ne da ba su da dangi da kalangu. Na kalli maigidana. Shi ma ya gani, ya sunkuyar da kai yana gyara maɓallin rigarsa.

Muna cikin haka sai na'urar da ke sakin kiɗan ta sarƙe, sauti ya ɗauke ɗif. 'Yan rawa suka tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama. A raina na ce to ga dama, Baba, nuna musu. Hannunsa bai tsaya ba, yana ta dukan fatar da iya ƙarfinsa, amma abin da ya iso kunnenmu wani ɗan tif-tif ne kamar ana kaɗe matashi. Wani a bayanmu ya fashe da dariya, wasu suka taya shi. Sai sautin ya dawo, aka ci gaba kamar ba abin da ya faru. 'Yata ta tambayi ubanta me ya faru, ya ce mata makirufon kakanta ne ya lalace.

Bayan an tashi muka same shi a bayan tantin, zaune kan akwatin kayan wuta yana murza gwiwa. Kalangun na gefensa. An liƙa soso a kan fatar da baƙin tef, an naɗe kan sandar kiɗan da tsumma. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa haɗa ido da shi. Da uban ya ja yarinyar su je sayen shayi, na ce, "Baba, wa ya yi wannan aikin?"

Ya ce, "Ni na yi da hannuna. Ranar farko da na buga na gaske, sai yaran suka rikice, don da lissafi suke rawa, ba da kunne ba. Mai kula da su ta zo da ladabinta ta ce kiɗana ya yi kyau ƙwarai, amma in taimaka kada a ji shi."

"To me ya hana ka dawo gida?"

"Na riga na gaya wa amarya."

Raina ya ɓaci har na rasa da wa zan yi faɗa. Yarinyar da ta ba shi umarnin na gan ta tana wucewa da waya a kunne, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, leɓenta ya bushe don sanyi, ita ma aka ce ta yi. Babu wani mugu a wurin da zan nuna da yatsa. Haka kawai aka tsara abin, kuma haka mutane suke so.

'Yata ta dawo da gudu ta rungume shi. Ta ce ya fi kowa, wai ƙarar gangarsa har a cikinta take ji. Baba ya shafa kanta ya ce, "Madalla, amarya."

Bayan sabuwar shekara ya dawo Moss Side. Wata Lahadi da rana, an yi sa'a maƙwabciya ta tafi wajen 'yarta, yarinyar ta matsa masa sai ya yi mata kiɗa. Ya ɗauko kalangun ya zauna a falo yana ɓare tef ɗin a hankali, ya cire soson, ya kwance tsumman. Na fito daga kicin da ludayi a hannu na tsaya a bakin ƙofa.

Ya fara a ƙasa-ƙasa, sannan ya matse. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Kalangun yana magana, yana hawa yana sauka, yana tsokana, yana lallashi, har na ji ƙafata tana motsi ba da izinina ba. Maigidana ya sauko daga sama ya zauna a matakala. Tun da na zo ƙasar nan ban ji abin da ya kai ni gida haka ba. Baba ya lumshe ido, fuskarsa ta saki, ya koma wani mutum da ban taɓa sani ba.

Yarinyar ta tsaya tana kallonsa, ta ɗan yamutsa fuska. Ta jira har ya kai inda zai numfasa, sannan ta taɓa masa gwiwa.

"Grandad, ba wannan ba. Do the real one. Na show."

Na buɗe baki zan yi mata tsawa, ya ɗaga mini hannu. Ita kuwa har ta ɗauko wayar ubanta, ta nemo bidiyon da ya ɗauka a tantin, ta ƙure ƙara. Dum-dum-dum ɗin nan ya cika falo, ta fara tsalle tana kwaikwayon masu zanen damisa, tana yi masa alama ya shigo.

Baba ya dube ta. Sai ya sunkuya ya tsinci soson daga kan kafet, ya danna shi a kan fatar da babban yatsa, ya ɗaga sanda ya bi kiɗan wayar. Tana rawa tana dariya, shi kuma yana bugawa, ba a jin komai daga kalangun.