'Yar Fari da Dodannin Ƙarfe

'Yata ta fari Anti take ce mini. Ni kuwa ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Haka muka taso muka tarar: uwa ba ta nuna ɗan fari, ba ta wasa da shi, in an ɗauko zancensa ta sunkuyar da kai. Da lokacin yaye ya yi, uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta zo daga Argungu ta goya ta ta tafi da ita, wai sai ta manta nono. Nono kam ta manta shi, amma ba a dawo mini da ita ba. Ban tambaya ba, don ba a tambaya.

Sai da ta gama sakandare ta zo wurinmu a unguwar Gesse jiran sakamakon jarrabawa. Mahaifinta ya fara zancen ko ta zauna nan Birnin Kebbi ta ci gaba da karatu. Ranar da na ji haka, sau biyu na zuba wa miya gishiri. Babu abin da nake so a duniya kamar ta zauna. Amma zaman namu na baƙi ne: ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina kallon tukunya. Ƙannenta su hau ni su sauka, ita tana tsaye bakin ƙofa kamar wadda aka aiko.

Maƙwabtanmu mutanen Filato ne, Kirista, aiki ya kawo su. 'Yarsu ce ta tura wa yarinyar wani katun na Japan a waya. Da na ga gansamemiyar budurwa ta duƙufa kan katun, na ce ikon Allah, ashe a Argungu ba a girma. Sai ta ɗan karkato wayar wajena. Ina yanka albasar Augie a lokacin, na saci kallo da gefen ido.

Ashe ba abin yara ba ne. Wasu halittu ne ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa suna rushe birane, sai mahukunta suka ƙera dodannin ƙarfe, kowanne ya fi ƙarfen sabis tsawo, suna saka 'yan mata a ciki su yi yaƙi. Ƙarfen kuma ba ƙarfe ba ne zalla. In an fasa shi jini yake fitarwa, yana da haƙora, kuma duk yarinyar da ta shiga sai ya ci wani abu nata. Wata ta fito ba ta jin ɗanɗanon abinci, wata ta fito ba murya. Japananci suke yi, Turanci na gudu a ƙasa, nawa Turancin kuwa na gaisuwa ne. Yarinyar ke fassara mini, har da kwaikwayon murya.

Raina ya ɓaci, na ce ina iyayen yaran nan suke ake wannan aika-aika?

Ta ce, "Suna nan, Anti. Kallo suke."

Albasa ce ta rufa mini asiri ranar.

Daga nan kullum bayan la'asar sai mu baje tabarma a inuwar dalbejiya. Ni da na yi mata gori, ni ce na koma mai cewa a yi sauri a gama wanke-wanke. Abin yana ba ni tsoro ƙwarai, wani lokaci in rufe ido in ce ta gaya mini in ya wuce. Amma na gano wata dabara da al'ada ta manta ba ta hana ba: in abu ɗaya muke kallo, ba juna ba, babu zancen kunya. Tun muna zama nesa-nesa har muka raba abin sauraro, ɗaya a kunnena, ɗaya a nata. Igiyarsa gajera ce, dole kai ya kusanci kai. A haka na san tana cizon leɓe in ta tsorata, kamar yadda nake yi.

A haka Inna ta same mu. Ta zo ganin likitan ido ba sanarwa, ta yi sallama ba mu ji ba. Kan yarinyar na kafaɗata, a wayar kuma dodon ƙarfe ne ya buɗe baki jini na dalala. Na zabura na ture ta kamar an kama ni da sata.

Inna ta dube ni, ta dubi wayar, ta ce, "Ashe kunya ta ƙare a birni. Kuma wanga mine ne? Aljannu kuka nuna ma ɗiyata?"

Ba zan ce Inna muguwa ce ba. Ita ta yi jinyar yarinyar lokacin ƙyanda, ita ta sayar da tumakinta ta saya mata littattafai. Tun da yarinyar ta taho, ba mai shafa mata magani a ƙafa. Aljanun waya hujja ce kawai ta samu. Kewa ce ta kawo ta, ba ido ba, kuma na fi kowa sanin wannan ciwon.

Washegari ta ce da ɗiyarta za ta koma, akwai makaranta a Argungu. Mijina, wanda ma'aikatan ofishinsu ke tsoron tarinsa, ya zauna gaban uwarsa yana murza hula. Maimakon ya yi magana a matsayinsa na uba, sai ya juyo wajena ya tambaye ni abin da na gani. Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ya san amsa ɗaya ce tak uwa ke da ita a kan 'yar fari, shi ya sa ya miƙo mini. In na ce ta zauna, na zama marar kunya mai ƙwace 'ya daga tsohuwar da ta raine ta, kuma zancen zai riga mu isa Argungu.

Na ce, "Ni mi nawa ciki? Ɗiyar Inna ta."

Inna ta sa mini albarka, ta ce ta san ni da kara. Yarinyar tana bakin ƙofar kicin da faranti a hannu. Ta san al'adar sarai, a cikinta ta girma. Amma na ga fuskarta, na gane ta sa ran ko sau ɗaya zan yi kuskure.

Na haɗa mata kaya, turame da sabulu da man shafawa, na ba ƙanwarta ta kai mata. Uwa ba ta rakiyar 'yar fari tasha. Daga tagar ɗaki na ga fitarsu.

Bayan an kwana biyu na shiga gidan maƙwabta, ina jin nauyin bakina, na roƙi 'yarsu ta zuba mini sauran katun ɗin a wayata. Na kalla ni kaɗai har ƙarshe. Na ga an yi yaƙi, na ga birni ya ƙone, na ga wata yarinya ta fito daga cikin ƙarfen tana tafiya tana magana mai tsawo. Ban san me ta ce ba. Ban ma san ko an ci nasara ba.

Ran Juma'a na kira Inna kamar yadda na saba. Na tambayi ƙafa, na tambayi ido, na tambayi ko ruwan gulbi ya janye daga fadama, na tambayi kowa da kowa ban da mutum ɗaya. Ina jin motsin kwanuka kusa da ita.

Inna ta ce, "Ga ta nan tsaye bisa kaina tun ɗazu. Ko kina da saƙo?"

Na laluba duk abin da aka yarda uwa ta faɗa, na rasa. Da ƙyar na ce a gaya mata na kalli abin nan, amma ban gane ƙarshensa ba.

Na ji Inna ta maimaita mata. Can ta dawo kan wayar.

"Ta ce ita ma ba ta kalla ba. Wai jiranki takai."