Buhun Ƙanƙarar Baba

A azumin shekarar da na shiga aji uku, wata Talata da la'asar, Baba ya shigo gidanmu na unguwar Karantina da buhunsa a ninke a hammata, da wata gora a hannu. Inna tana dama kunu. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Halas, shi ke nan. Sun saka tarmostat."

Baba yana aiki ne a wani ɗakin sanyi na ajiye kifi, kusa da teku. Ƙanƙara takan taru a jikin bututai har ta toshe hanyar ruwa. Akwai waya mai zafi da ke narkar da ita, amma tana cin wuta, mai wurin kuwa ba ya yarda a bar ta a kunne. Baba ne ke dafa bututu da tafin hannu, ya san lokacin kunnawa da na kashewa. Wadda ta yi kauri sai ya fasa ta da ƙarfe, ya zubo a buhu ya kawo gida. Inna ta wanke, ta jefa a randa, sauran a raba wa yaran maƙwabta da ke layi da kwanuka. A lungunmu ba a kirana da sunana, sai 'yar Mai Ƙanƙara, ni kuwa har da ɗaga kai.

Tarmostat ɗin, in ji Baba, bai fi akwatin ashana biyu ba. Shi ke jin sanyi da kansa, ya kunna wayar, ya kashe, tun ƙanƙara ba ta yi kauri ba. Kuɗin wuta ya ragu, mai wurin ya ji daɗi. Baba kuma aka mayar da shi ɗaukar kwandunan kifi.

Da aka kira sallar magariba, ya miƙo mini gorar, naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ya narke ne ya tara mini.

"Uwata, sha. Da sauran sanyinsa."

Yaran suna tsaye da kwanukansu wayam, suna kallona. Na kurɓa, na ture, na ce, "Wannan ai ruwan kifi ne." Baba ya miƙo hannu. Ya ɗauka ya buɗe baki da shi.

Yau, bayan shekaru, an rushe Karantina. Firij ɗina yana kunna kansa ya kashe, ba mai dafa shi. Baba ya daɗe a kwance kafin ya rasu, kullum ni ke ba shi ruwa, kullum ina cewa gobe zan ɗauko maganar gorar nan. Ban nemi gafararsa ba.